Darasin Juma'a: Ɗanka Yana Makaranta, Wa Yake Jin Kukansa?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan Juma'a. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan'uwa maza da mata, darasin wannan mako mai nauyi ne a baki. Magana ce a kan yaranmu masu tasowa, 'yan shekara 13 zuwa 19, da yadda damuwa take iya kai ɗayansu ga tunanin kashe kansa, da abin da makaranta, ta boko da ta Islamiyya, za ta iya yi tun kafin a kai nan. Na san wani zai ce, "Haba Sakatare, ina mu ina wannan? Ai mu Musulmi ne." Ni ma da haka nake cewa. Ga abin da ya sa na daina.

Abin da ya faru a unguwarmu

Watannin baya, bayan sallar Isha'i, ina shirin kulle ofis sai ɗaya daga cikin malaman Islamiyyarmu ya shigo riƙe da hannun wani yaro ɗan shekara 16. Mahaifinsa ya ba ni izinin ba da labarin, na kuma sauya wasu abubuwa don kada a gane shi.

Yaron yana aji biyu na babbar sakandare. In an tashi makaranta yakan wuce shagon mahaifinsa ya taya shi karɓar kuɗi. A nan ya fara caca ta waya, kaɗan-kaɗan, yana ɗiba daga cinikin shago da niyyar in ya ci ya mayar. Bai ci ba. Kuɗin suka taru, karatunsa ya ja baya, ga lokacin lissafin shago ya matso. Rannan sai ya ba abokinsa takalman ƙwallonsa, ya ce ya riƙe don shi ba zai ƙara bukatarsu ba, wai kwanan nan Baba zai huta da shi. Ya sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba.

Abokin nan, ɗan shekara 15, kwana biyu yana juya maganar a ransa. A rana ta uku ya tsaya bayan an tashi Islamiyya, ya ce, "Malam, na yi rantsuwa, amma ina jin tsoro." Malam ya kira yaron gefe, ya zaunar da shi, ya tambaye shi kai tsaye. Yaro ya fashe da kuka, ya faɗi komai. Malam bai bar shi ya tafi gida shi kaɗai ba. Muka ɗauko Liman muka je wajen uban. Da farko ransa ya ɓaci ƙwarai, maganar kuɗin kawai yake yi. Liman ya ce masa, "Alhaji, kuɗi ana mayar da su. Yau maganar ran ɗanka muka zo yi." Washegari da safe aka kai shi asibiti. Yanzu yana aji uku, yana ganin likita, yana kuma biyan bashin da aikin Asabar.

Abin da uban ya faɗa mini daga baya shi ne ya sa na rubuta wannan darasi. Ya ce, "Malam Sakatare, kullum fa yana gabana a shago, ban gani ba."

Ku lura da hanyar da maganar ta bi. Yaro ya gaya wa aboki, aboki ya gaya wa malami, malami ya kai ga uba da asibiti. Allah ne Ya tsare, amma ta wannan hanya Ya tsare. Aikinmu shi ne mu gyara hanyar, ta yadda kowane yaro zai san ta, kowane malami kuma zai san abin yi in maganar ta iso gare shi.

Abin da addini ya koyar

Kashe kai haramun ne, yana cikin manyan zunubai. A Suratun Nisa'i aya ta 29 Allah Ya hana, kuma a cikin ayar Ya tunatar da mu tausayinSa gare mu. Hadisai a Bukhari da Muslim sun zo da gargaɗi mai tsanani a kai. Rai amana ne, Mai shi ne kaɗai yake karɓa. A Suratul Ma'ida aya ta 32 kuma an kwatanta ceton rai ɗaya da ceton mutane baki ɗaya. To ka ga hani ya hau kan mutum, umarnin ceto kuma ya hau kan al'umma.

Akwai wani hadisi a Sahihu Muslim da ya kamata mu 'yan ci-rani mu sani. Sahabi Ɗufailu ɗan Amru, na ƙabilar Dausu, ya yi hijira zuwa Madina tare da wani mutumin ƙabilarsu. Garin bai karɓi mutumin ba, ya kwanta rashin lafiya, haƙuri ya ƙare masa, ya yi wa kansa rauni a hannu har ya mutu. Ɗufailu ya gan shi a mafarki cikin kyakkyawan hali, an gafarta masa saboda hijirarsa, sai dai hannuwansa a lulluɓe, ba a gyara su ba. Da ya ba Annabi (SAW) labari, sai Annabi ya roƙi Allah Ya gafarta wa hannuwan nan ma. Malamai irin su Imamu Nawawi sun kafa hujja da wannan cewa wanda ya aikata haka bai fita Musulunci ba, al'amarinsa yana hannun Allah. Shi ya sa mafi yawan malamai suke ganin a yi masa wanka, a yi masa salla, a binne shi cikin Musulmi.

Abu biyu za mu ɗauka a nan. Na farko, wannan jarrabawa ta samu mutumin da ya bar garinsu don Allah, a zamanin Annabi, a cikin Madina. Kada wani ya ce ba za ta shigo Dei-Dei ba. Na biyu, laifin yana nan da girmansa, amma zagi da yanke wa mutum wuta ba aikinmu ba ne.

Damuwa ciwo ce

Baƙin ciki ba alamar raunin imani ba ne. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari. Nana Maryamu, lokacin naƙuda, ta yi fatan da ta mutu kafin wannan rana. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, masu tarihi suna kiranta shekarar baƙin ciki.

Malaman Musulunci na da sun san wannan a fannin likitanci. Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934 Miladiyya, ya yi littafi a kan lafiyar jiki da ta rai. Ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda yake sauko wa mutum haka kawai ya danne shi, wanda ya ce tushensa a jiki yake kuma yana bukatar magani. Fiye da shekara 1,000 ke nan. Abin da likitocin yau suke kira ciwon damuwa ke nan, kuma ana warkewa da izinin Allah, kamar yadda ake shan maganin hawan jini ko na suga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara mutum fiye da 700,000 ne suke mutuwa ta hanyar kashe kansu, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, wato irin namu. Yana cikin manyan abubuwan da suke kashe matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Ta kuma ce cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Ka ƙirga yaran da ke aji ɗaya a Islamiyyarmu, ka yi lissafi da kanka.

Addu'a da ruƙiyya muna yi, ba za mu daina ba. Amma Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani. In yaro ya karye a ƙwallo, addu'a muke yi muna tafiya wajen mai ɗori. Haka ma wannan.

Me ya sa muke maganar makaranta?

Mu duba rayuwarmu a nan. Ɗan tumatir yana fita tarar mota tun kafin asuba. 'Yan katako da 'yan kayan gini sai magariba. 'Yan kara ranar da kasuwa ta cika ba su san lokacin dawowa ba. Iyaye mata da yawa su ma suna sana'a. In aka dawo, an gaji, a ci tuwo a kwanta. Ba laifi ba ne, neman halal ne.

Amma akwai abin da muka baro a gida. A Kano ko Katsina, a Gusau ko Maraɗi, yaron da ya yi laifi yana da ɗakin kaka da zai gudu ya ɓuya. Yana da gwaggo da za ta ji sirrinsa, da kawu da zai zo ya ba uban haƙuri. Yarinya tana da yayyenta da 'yan'uwan uwa cike da gida. A nan kuwa ɗaki ɗaya ne ko biyu na haya, daga uwa sai uba, maƙwabci kuma wataƙila ko yarensa ba ma ji. Yaron da yake tsoron ubansa ba shi da ƙofar da zai bi ya isa gare shi.

Wa ya rage? Aboki da malami. Yaro yana yini a boko daga safe zuwa azahar, da yamma yana Islamiyya. Malamin da ke ganinsa kullum zai iya lura ya rame, ya daina wasa, ya koma kujerar baya. Aboki kuwa shi ne abokin kuka, ba a ɓoye masa mutuwa.

Masana sun gwada wannan. A 2009 da 2010 an yi wani babban bincike a ƙasashen Turai 10, makarantu 168, ɗalibai sama da 11,000, yawancinsu 'yan shekara 14 zuwa 16, ƙarƙashin jagorancin masana na cibiyar Karolinska da ke ƙasar Suwidin. An gwada hanya uku. A wasu makarantu an horar da malamai su gane alamomi. A wasu an raba wa yara takardar tambayoyi, ƙwararru suka tantance. A wasu kuma an zauna da yaran kansu na awa 5 kacal cikin mako huɗu, ana tattaunawa, ana ɗan wasan kwaikwayo a kan damuwa, da yadda za ka taimaki abokinka, da wurin da za ka nemi taimako. Da aka fitar da sakamako a 2015, hanya ta uku ce ta nuna amfani a fili: bayan shekara ɗaya, yunƙurin kashe kai ya ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da makarantun da ba a yi shirin ba.

Turai daban, Dei-Dei daban, amma darasin ya yi daidai da abin da muka gani da idonmu. Horar da manya yana da kyau, sai dai dole a yi magana da yaran su kansu, don su ne suke fara ji.

Alamomin da za a lura da su

Labarin zuciya a tambayi fuska. Uba, uwa, malami da aboki su sa ido a kan waɗannan:

1. Magana irin ta "na gaji da duniya", "gara ba ni", "kun kusa hutawa da ni", ko da cikin wasa, ko a rubutun WhatsApp da Facebook.
2. Rabar da abin da yake ji da shi, ko neman gafarar mutane da ban kwana ba tare da wata tafiya ba.
3. Janyewa daga abokai, daina ƙwallo, daina zuwa makaranta ko masallaci ga wanda ya saba.
4. Sauyin barci ko cin abinci, yawan kuka, ko saurin fushi wanda da ba halinsa ba ne.
5. Faɗuwar karatu kwatsam.
6. Tabon yanka ko ƙuna a jiki da yake ɓoyewa.
7. Fara shaye-shaye ko caca.
8. Natsuwa ta farat ɗaya bayan doguwar damuwa, ba tare da an warware matsalar ba.

A ƙara kula a lokutan haɗari: fitowar sakamakon WAEC, NECO ko JAMB, kora saboda kuɗin makaranta, mutuwa ko saki a gida, cin zalin siniyoyi a makarantar kwana, maganar auren da yarinya ba ta so, barazanar yaɗa hotonta a waya, ko wani babba da yake taɓa yaro ta hanyar da ba ta dace ba. Ba abu ɗaya ne yake kai mutum nan ba, abubuwa ne suke taruwa, sai ɗaya ya zama na ƙarshe.

Game da jarrabawa, mu tuna watan Mayu na 2025, lokacin da shugaban hukumar JAMB, Farfesa Is'haƙ Oloyede, ya fito ya amsa cewa an samu kuskuren na'ura a sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Yara nawa aka zaga a gida kafin gaskiya ta fito? Jarrabawa ana sake ta. Kafin ka buɗe sakamakon ɗanka, ka fara gaya masa cewa ko me ya fito, shi ɗanka ne.

Yadda ake tambaya

Mutane da yawa suna tsoron cewa in ka tambayi yaro wannan magana, kai ne ka sa masa ita a rai. An bincika wannan ma. A 2005 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi da ɗaliban sakandare sama da 2,000 a jihar New York ta Amurka, aka ga tambayar ba ta ƙara musu damuwa ko wannan tunani ba. Wanda abin yake ransa, sau da yawa sauƙi yake ji da aka tambaya.

Muna da misali a Sunna. A Musnadin Imamu Ahmad an ruwaito wani saurayi ya zo ya nemi Annabi (SAW) ya yi masa izinin zina. Jama'a suka taso masa da tsawa. Annabi ya ce ya matso kusa, ya zaunar da shi, ya yi ta yi masa tambayoyi a hankali har ya gane da kansa, sannan ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a. Saurayi ya faɗi abu mafi muni a gaban mafificin halitta, aka jawo shi jiki. Mu kuwa yaro yana buɗe baki sai mari.

To ga yadda za a yi. Ka kira shi inda ba kowa, ka ajiye waya. Ka fara da abin da ka gani: "Ɗana, na ga kwana biyu ba ka cin abinci, ba ka fita. Me yake damunka?" Ka yi shiru ka saurara, ko da abin da zai faɗa zai ɓata maka rai. In maganarsa ta nuna ya yanke ƙauna, ka tambaya a fili: "Ka taɓa tunanin kashe kanka?" In ya ce e, kada ka yi salati da ƙarfi ka tara mutane, kada ka fara wa'azin wuta, kada ka ce "me ka rasa a gidan nan?" Ka ce, "Na gode da ka gaya mini. Ba zan bar ka kai kaɗai da wannan ba." Ka tambaya ko ya shirya wani abu, ko ya tanadi wani abu. In haka ne, a kawar da abin, kada a bar shi shi kaɗai ko na ɗan lokaci, a kai shi asibiti a ranar. Nasiha tana da lokacinta, za ta fi shiga bayan hankali ya kwanta.

Yarinya kuma a samu mace ta zauna da ita: uwa, malama, ko wata babba da ta yarda da ita.

Ga ɗalibai: wannan ba tona asiri ba ne

Ƙannena, wannan naku ne. An koya muku cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma gaskiya ne, riƙe sirri hali ne na kirki. Amma in abokinka ya ce zai cutar da kansa, wannan sirri ba a riƙe shi. Ko ka yi rantsuwa, ka faɗa. Annabi (SAW) ya koyar cewa wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata alherin ya yi kaffara. Kaffara abu ne mai sauƙi, Malam zai nuna maka yadda ake yi. Abokinka zai iya fushi da kai na mako ɗaya, ya yi fushin yana raye. Kuma kai ba likita ba ne, ba a ce ka warware matsalar ba. Naka shi ne ka kai maganar ga babba a ranar. In babban farko bai ɗauke ta da muhimmanci ba, ka je wajen na biyu.

In kuma kai ne kake jin haka, ka sani wannan hali yana wucewa, akwai magani, kuma babu laifin da ka yi da ya fi ƙarfin tuba da gyara. Ka zo.

Abin da za mu tambaya a makarantun boko

Yawancinmu ba ma zuwa taron iyaye da malamai, sai dai mu aika kuɗi. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malamin ba da shawara a makarantun sakandare. A taro na gaba, ka rufe shago na awa biyu ka je ka yi waɗannan tambayoyi:

Wane ne malamin ba da shawara a nan, kuma yara sun san ofishinsa? Akwai mace da 'yan mata za su iya zuwa wajenta? In yaro ya faɗi irin wannan magana, wa ake kira, wane asibiti ake kai shi? Me ake yi wa mai cin zalin na ƙasa da shi? Za a iya daina kiran sunan waɗanda ba su biya kuɗi ba, ko waɗanda suka zo na ƙarshe, a gaban taron asambile? Za a iya ware 'yan awoyi a zango don tattaunawa da ɗalibai a kan damuwa da neman taimako?

Ka ba malamin ajin ɗanka lambarka, ka karɓi tasa. In ya kira, ka ɗauka ko kana tsakiyar ciniki.

Nauyin da ke kanmu 'yan kasuwa

Wannan tunani sau da yawa kamar guguwa yake zuwa, ya yi ƙarfi na ɗan lokaci ya lafa. In a wannan lokacin babu abu mai kisa a kusa, da yawa suna tsira, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira suna ci gaba da rayuwarsu. Ƙasar Siri Lanka ta hana magungunan feshin gona mafiya haɗari, sai mace-macen irin wannan suka ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. A nan Najeriya, a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da wasu magungunan ƙwari masu ƙarfi a ƙananan kwalabe da kuma a kasuwannin bai-ɗaya, bayan yawaitar irin waɗannan mace-mace.

Don haka mai shago, ka bi doka. Kada ka sayar wa yaro irin wannan kaya ko ya ce aiko shi aka yi. Mai kemis, kada ka ba yaro ƙwayoyi ba takardar likita. A gida, maganin ƙwari, maganin ɓera da ragowar magungunan asibiti a sa su a akwati mai kwaɗo, makulli a hannun babba.

Kuma mu tuna da yaran shago da almajirai. Su ba su da malamin aji. Maigida da alaramma su ne makarantarsu. Yaron da aka damƙa maka daga ƙauye, in kuɗi suka ɓata a hannunsa, ka yi bincike ka hukunta da adalci, kada ka tozarta shi a gaban layi.

In abin ya riga ya faru

In yaro ya sha wani abu, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. A ɗauki kwalbar a tafi asibiti mafi kusa nan take, kamar Babban Asibitin Kubwa. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Don ganin likitan ƙwaƙwalwa, akwai sashe a Asibitin Ƙasa da ke cikin Abuja da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Wanda ya fi son kusa da gida, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano, da na Kware a Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin ɗanka mahaukaci ne.

Wasu suna ɓoyewa don tsoron hukuma, saboda sashe na 231 na dokar Penal Code ya sa yunƙurin kashe kai cikin laifuka. Ku sani ana ta sauya tunani a kan haka. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, a 2024 kuma Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana cewa gwamnati tana aikin cire wannan daga jerin laifuka. Ƙasar Gana ta cire nata a 2023. Ko ma mene ne, rai ne a gaba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

In kuma Allah Ya ƙaddara an yi rashi, kada a yaɗa hoto ko bidiyo, kada a riƙa bayyana yadda aka yi, domin hakan yana iya jan wani yaron da ke cikin damuwa. A je ta'aziyya kamar yadda ake zuwa ko'ina. Makaranta ta kula da abokan mamacin da ƙannensa sosai, su ne suka fi shiga haɗari a makonnin da ke biye.

Abin da kwamiti ya tsayar

Kwamitin masallaci da na Islamiyya sun zauna sun amince da abu huɗu. Na ɗaya, an ware malami ɗaya da malama ɗaya da kowane ɗalibi zai iya samu bayan an tashi, za a sanar da su a kowane aji. Na biyu, a wannan zango azuzuwan manya za su yi zama huɗu na tattaunawa a kan damuwa, abota da neman taimako, maza daban mata daban, kuma muna neman ma'aikacin lafiya daga cikin jama'armu da zai taya mu. Na uku, an daina korar yaro ko kiran sunansa a gaban aji saboda kuɗin wata, maganar kuɗi tsakanin ofis da uba ce. Na huɗu, za a ware wani abu daga asusun taimako don kuɗin mota da katin asibiti ga iyalin da ba su da hali.

Za a yi zaman iyaye ranar Asabar bayan La'asar a harabar Islamiyya, an tanadi wurin mata. Mai son magana a keɓe ya same ni ko Liman bayan kowace salla, ba wanda zai ji.

Kafin nan, ga aikin gida. Yau da dare, bayan an ci abinci, ka kira ɗanka ko 'yarka da ta tasa, ka tambaye ta sunan babbar ƙawarta, da malamin da ta fi sakin jiki da shi, da abin da ya fi damunta a wannan zango. In ba ta amsa yau ba, ka sake tambaya gobe.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya yaye wa duk mai damuwa damuwarsa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a kasuwancinmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a gyara mini. Liman ya duba ɓangaren hukunce-hukunce kafin a buga, Allah Ya saka masa da alheri.

Wassalamu alaikum warahmatullah.

Sakataren Masallaci